Asalin Cocin Waliyyi Matiyu na Khartum

Ɗan'uwa daga Mai Wurno, ka tambayi tarihin babban cocin Katolika da ke bakin kogin Nilu a Khartum da kuma waliyyinsa. An kafa mishan na Afirka ta Tsakiya a 1846, kuma Bishop Daniel Comboni, wanda ya rasu a birnin a 1881, ya raya shi matuƙa. Aikin ya tsaya cik bayan mayaƙan Mahdi sun ci Khartum a 1885, sai a 1908 aka kammala ginin yanzu. Waliyyinsa Matiyu ne, mai karɓar haraji a Kafarnahum, mutumin da jama'a ke ƙyama, amma Yesu ya kira shi yana zaune a bakin aikinsa, abin da ke taɓa zuciyata ƙwarai. Ana bikinsa ranar 21 ga Satumba.