Yaya zan mayar da Nether ya zama babbar duniyata a Minecraft?

Tambaya: Salam malam. Ina buga Minecraft Java 1.20 a kwamfuta, so nake duniyar sama (overworld, inda ake fara wasan) ta koma Nether (duniyar wuta da lava) gaba ɗaya. Na kwashe fayilolin DIM-1, wato foldar Nether, na zuba a babban foldar duniyar, da farko ya yi, amma da na yi tafiya kaɗan sai ga ciyawa da bishiyoyi sun dawo. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ba ka yi kuskure ba, rabin aikin ka yi. Kafin komai dai ka kwafe foldar duniyar gaba ɗaya ka ajiye a gefe, kuma ka rufe gem ɗin kafin ka taɓa fayil ko ɗaya, don Allah kar ka raina wannan, ginin wata da watanni yana iya tafiya a minti ɗaya.

Abin da ka kwasa ƙasa ce kawai wadda gem ya riga ya ƙera. A cikin DIM-1 akwai folda region, fayilolin .mca ne a ciki, kowane ɗaya yana riƙe da fili mai bulo 512 tsawo 512 faɗi, to iya inda ka taɓa takawa a Nether shi ne a rubuce, kana wuce nan gem zai duba level.dat, fayil ɗin da ke riƙe da saitin duniyar, ya ga an ce nan duniyar sama ce sai ya ci gaba da shuka maka ciyawa. Shi ya sa ka ga iyakar nan kamar an yanka da wuƙa.

Maganin yana cikin level.dat ɗin. Ka buɗe shi da manhajar NBTExplorer, ka shiga Data, sai WorldGenSettings, sai dimensions. Za ka ga uku: minecraft:overworld, minecraft:the_nether da minecraft:the_end, kowanne da abu biyu a ƙarƙashinsa, type da generator. Generator shi ne mai ƙera ƙasa, type kuma shi ne dokokin wurin. Ka goge generator na overworld, ka kwafo na the_nether ka liƙa a gurbinsa, shi kenan duk sabon fili zai fito Nether.

Type ɗin kuwa ni shawarata ka bar shi yadda yake, kuma a nan ne abin yake da daɗi. Tunda dokokin na duniyar sama ne, ruwa ba zai ƙafe ba in ka zuba, gado ba zai fashe da kai ba, za ka iya kwana lafiya a gefen tafkin lava. Amma piglin, halittun Nether masu kan alade, za su wahala, bayan daƙiƙa 15 suna rikiɗewa su zama zombi, kenan cinikin zinare da su ya zama sai wanda ya yi sauri. Kuma wurin zai fi Nether na asali duhu saboda rufin bedrock, dutsen nan da ba ya fasuwa, ya tare rana, ɗan hasken nan da ka saba gani a can daga type yake zuwa. In ka canza type ɗin ma to gadonka ya zama bam, ka san da haka.

Wani abu kuma, da ka kwashi region ka haɗa da foldojin entities da poi, tun daga 1.17 dabbobi da dodanni a folda entities suke zama daban, in ka bar tsofaffin za ka tarar da shanu a maƙale cikin netherrack, jan dutsen Nether. Sannan mai yiwuwa ka farka a saman rufin, wajen tsayi 128, sai ka sauko da umarnin /tp ka nemi wuri mai kyau ka buga /setworldspawn don ya zama wurin farawa.

In wata rana ka so yin akasin haka, wato ka kai duniyar sama cikin Nether, ka yi hattara, tun 1.18 ita tana farawa daga -64 har 319, Nether kuwa 0 zuwa 255 ne, duk abin da ka gina ƙasa da 0 zai ɓace.

Wannan duk na Java 1.20 ne. Masu buga nau'in Minecraft Bedrock a waya babu DIM-1 a wurinsu, komai a dunƙule yake cikin folda db, sai dai su ɗauko duniyar zuwa kwamfuta su yi aikin da manhajar Amulet Editor.