Tambaya da Amsa: Makaɗi ɗaya zai iya gwanancewa a kiɗa iri-iri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matashi ne daga Ƙaura Namoda a Jihar Zamfara. Na gaji kiɗan kalangu a wurin mahaifina, wanda ya shafe rayuwarsa yana yi wa mahauta da 'yan dambe kiɗa. A 'yan shekarun nan na fara koyon gangunan zamani, irin waɗanda ake zama a kujera ana kaɗawa da hannuwa da ƙafafu, domin su ake nema a gidajen biki na Gusau. Baba bai ji daɗi ba, yana cewa taura biyu ba ta taunuwa. Na ji an ambaci wani Tony Allen a rediyo, an ce ya yi kiɗa iri-iri. Wane ne shi, kuma me zan koya daga rayuwarsa?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. An haifi Tony Allen a Legas a 1940, mahaifinsa ɗan Nijeriya, mahaifiyarsa kuma 'yar asalin Gana. Shi bai gaji kiɗa ba kamar yadda ka gada. Yana ɗan shekara 18, yana aikin gyaran na'urori a gidan rediyo, ya fara koya wa kansa ganga ta hanyar sauraron fayafayan makaɗan jaz na Amurka, musamman Art Blakey da Max Roach. Aikinsa na farko a ƙungiyar Victor Olaiya, mashahurin mai kiɗan hailaif, bai wuce buga 'yan sanduna biyu da juna domin riƙe wa sauran makaɗa lokaci ba, kuma sai da mai gangar ƙungiyar ya tafi sannan aka ba shi kujerar.

A 1964 ya haɗu da Fela Kuti, fitaccen mawaƙin Nijeriya, suka yi aiki tare na kimanin shekara 15, inda Allen ya zama jagoran makaɗan ƙungiyar Africa 70, aka kuma naɗi fayafayai sama da 30 da kiɗansa. A hannun su biyun ne aka ƙera salon da duniya ta sani da Afrobit, har Fela da bakinsa ya ce in ba don Tony Allen ba da babu wannan salo.

Abin da ya fi dacewa da tambayarka shi ne yadda ya kai ga wannan matsayi. A jerin gangunan zamani akwai faranti biyu na tagulla da ake haɗawa da rabawa da takawar ƙafar hagu, kuma Allen ya lura cewa makaɗan Legas na zamaninsa sun bar wannan ƙafa a banza, ba sa amfani da ita. Ya zauna ya hore ta, har ya zamana hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu kowanne yana tafiya da nasa amon daban, amma su huɗun suna haɗuwa a wuri ɗaya. Da ƙungiyarsu da Fela ta je Amurka a 1969, wani makaɗin jaz mai suna Frank Butler ya ba shi shawarar ya riƙa gwaji a kan matashin kai, saboda matashi ba ya mayar da sanda kamar yadda fatar ganga take yi, don haka dole wuyan hannu ya ɗauki aikin gaba ɗaya. Daga nan ya samu hannu mai laushi, wanda ba ya dukan ganga da ƙarfi amma ba ya gajiya, ko da waƙa ɗaya ta haura minti 20, kamar yadda waƙoƙin Fela suka saba. Kai da ka tashi da kalangu ka riga ka san wani abu daga wannan horo, domin hammatarka tana matsa tsarkiya tana sauya murya a daidai lokacin da hannun damanka yake kaɗawa, kuma ina ganin wannan jari ne da bai kamata ka sake shi ba.

Bayan ya koma Landan a 1984, sannan ya zauna a Faris, ya yi kiɗa da mutanen da salonsu ya yi hannun riga da juna: Damon Albarn na Ingila, da Jeff Mills mai kiɗan na'ura na Amurka, da Hugh Masekela mai busa na Afirka ta Kudu, wanda faifansu na haɗin gwiwa ya fito a watan Maris na 2020. Duk inda ya shiga, mai sauraro yakan gane hannunsa, domin tushen kiɗansa bai sauya ba. Ya rasu a Faris ranar 30 ga Afrilu, 2020, yana da shekara 79.

Game da maganar Baba, kada ka ɗauke ta da wasa, domin tana da asali. A ƙasar Hausa kowace sana'a da kiɗanta: kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, kotso da taushi kuwa na fada, kuma makaɗin da ya bar iyayen gidansa ya bi wasu akan ga kamar ya zubar da gado. Amma a jiharku ma akwai wanda ya faɗaɗa sana'arsa ba tare da ya zubar da ita ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen Bakura wanda ya tashi a ƙasar Maradun, ya fara da waƙoƙin noma a ƙungiyar mahaifinsa, ya zo ya shahara da kotso a fadojin sarakuna, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya yi wa attajirai, har ya rasu a 1991. Shawarata ita ce ka ci gaba da fita kiɗa tare da Baba duk ranar da mahauta ko 'yan dambe suka kira shi, domin idan ya ga kalangun bai kwanta a hannunka ba, zai fi sauƙin sa maka albarka a kan ɗayan.

Akwai wani ɓangare na tarihin Allen da ba na so ya wuce ka. Rabuwarsa da Fela, bayan wasan da suka yi a birnin Barlin na Jamus a 1978, ta samo asali ne daga saɓani a kan kuɗi da kuma haƙƙinsa a kiɗan da ya taimaka aka ƙirƙira. Wannan matsala ce da take bin masu ganga a ko'ina, domin mawaƙi ne a gaba, shi ake yi wa liƙi, shi ake kiran sunansa. Saboda haka, kafin ka hau kujera a kowane biki, ku yi magana da shugaban ƙungiya a gaban shaida a kan abin da za a ba ka da kuma kasonka a kuɗin liƙi, sannan idan za a naɗi waƙa a situdiyo, ka nemi a rubuta sunanka cikin waɗanda suka yi aikin. Allah Ya sa albarka a sana'arka, Ya kuma ƙara wa Baba lafiya.