Ƙanena yana sha'awar maza, an ce allura za ta gyara shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wata cibiyar kiwon lafiya (CSI) cikin jihar Tahoua. Ƙanena ɗan shekara 21 ne. Baffanmu ya ga saƙonni a salularsa tsakaninsa da wani saurayi, tun ranar gidanmu ba lafiya. An kai shi ruƙiyya, ya dawo da shatin bulala a baya. Yanzu wani mai sayar da magani ya ce ƙarancin sinadarin maza ne, allurar testosterone za ta gyara shi, kuma ni aka ce in yi masa tunda aikina ne. Baffa kuma yana maganar a ɗaura masa aure bayan Sallah. Allurar tana aiki? Nawa ake bayarwa? Ko mu kawo shi Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai? Ya daina cin abinci, ya daina zuwa fada, shekaranjiya ya ce mini, "Yaya, da na mutu da kowa ya huta."

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Ajiye sirinjin nan tukuna. Maganar da kika bari sai ƙarshe ita ce ta gaggawa, kuma kin san sunanta idan ta haɗu da ƙin abinci da gudun mutane. Yau ɗin nan ki keɓe da shi, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ko ya tanadi abin da zai yi da shi. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. Ki kwashe maganin ƙwari na gona, maganin ɓera, tramol da duk wata ƙwaya da ke cikin gidan, kuma a daina barinsa yana kwana shi kaɗai a shago.

Sai allura. Ba zan ba ki adadi ba, don babu adadin da zai yi abin da ake nema. Ban san inda wannan zance na "ƙarancin sinadari" ya samu ƙafa a ƙasar nan ba sai wajen masu cin kasuwa da shi, amma kusan kullum sai na ji shi, wani lokaci ma daga bakin masu farar riga. Idan kika auna jinin mazan da ke sha'awar maza, testosterone ɗinsu daidai yake da na sauran maza. Likitocin Amurka sun gwada wannan allura tun shekarun 1940, abin da suka gani shi ne sha'awar ta ƙaru, kuma ta ƙaru ne ta inda take tun farko. Man fetur kika ƙara wa babur, ba kansa kika juya ba. Ga shi kin san abin da take yi wa saurayi mai lafiya: jiki ya daina yin nasa, ƴaƴan maraina su tsuke, maniyyi ya ragu, jini ya yi kauri, fushi ya hau. Wato yaron da ake gaggawar yi wa aure don a ga jikoki, da hannunki za ki raunana masa haihuwa. Garin neman gira a rasa ido.

An gwada akasin haka ma. A 1952 kotun Ingila ta sa aka riƙa ba masanin lissafi Alan Turing sinadarin mata don a kashe masa sha'awar maza. Jikinsa ya canza, zuciyarsa ba ta canza ba, a 1954 ya mutu, sai a 2009 gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwa. An gwada wutar lantarki, an gwada maganin amai, an gwada shekaru na zaman nasiha. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi baya ranar 17 ga Mayun 1990. In wani ya ce miki siyasa ce, ki ba shi labarin Exodus International, babbar ƙungiyar Kiristoci da ta kwashe shekaru tana alƙawarin "warkar" da mutane: a 2013 ta rufe kanta, shugabanta Alan Chambers ya nemi gafarar waɗanda aka cuta. Shi ma Robert Spitzer, likitan da bincikensa na 2003 ya zama hujjar masu wannan sana'a, a 2012 ya janye shi ya ba da haƙuri. Waɗannan manyan masu sana'ar sun ajiye ta, mai kantin magani a Tahoua ne bai ji labari ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wanda ake kawo mana bayan an gama "maganin". Saurayi ne zai shigo wuyansa a karkace, idanunsa sun kafe sama, yawu na zuba, mahaifinsa kuwa murna yake wai aljanin ne ke fita. Sai ka binciki ledar da suka zo da ita ka ga Largactil ko Haldol, magungunan taɓin hankali, an saya ba takardar likita, ana zuba masa a kunu. Ka ɗaga ƙafar wandonsa ka ga zoben miki a idon sawu, inda mari ya ci. Yaron ya yi shiru, an ce ya shiryu. Bai shiryu ba, buguwa ya yi, kuma ya koyi cewa duk wanda ya faɗa wa gaskiya zai cuce shi, don haka ranar da ya yanke shawarar shan guba babu wanda zai gaya wa. Binciken Caitlin Ryan da aka buga a mujallar Pediatrics a 2009 ya nuna matasa masu sha'awar jinsi ɗaya da iyalansu suka yi wa mummunar ƙyama sun ninka waɗanda ba a ƙyamata ba fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kai. A Amurka aka yi shi, amma abin da nake gani a ɗakin duba marasa lafiya a Yamai bai ƙaryata shi ba.

Ni ba malami ba ne, ba fatawa kika nema wajena ba, kuma ban ce wa Baffa ya sauya aƙidarsa ba. Sai dai addinin da yake jin tsoro dominsa shi ne ya hana bin diddigin sirrin mutane a Suratul Hujurat, shi ya yi alƙawarin sutura ga wanda ya suturta ɗan'uwansa, shi ya hana yanke zumunci. Ba a nuna mini inda ya ce a ɗirka wa mai lafiya maganin mahaukata ba. Masu cewa intanet ce ta kawo kuwa, su tambayi tsofaffi tun yaushe ƴan daudu ke sayar da abinci a tashoshin ƙasar Hausa, ko da yake ba kowane ɗan daudu ke neman maza ba, kuma yawancin masu neman mazan ba za ki gane su a tafiya ko magana ba.

Ki kula da salular nan. Najeriya ta sa ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi tun 2014, Mali ta haramta lamarin a dokarta ta 2024, Burkina Faso a 2025, kin ga inda iskar yankin ta dosa. Hoton saƙo ɗaya da ya faɗa zauren WhatsApp na dangi ya isa ya jawo masa duka ko masu karɓar kuɗin rufin asiri, shi da ɗayan yaron da shi ma ɗan wasu ne. Duk wanda ya ɗauki hoton, a roƙe shi ya goge.

Pavillon E, ko sashen masu taɓin hankali mafi kusa da ku: ku je, amma don ciwon damuwa da tunanin mutuwa, waɗannan suna da magani. Ki bar shi ya shiga shi kaɗai, shi zai zaɓi abin da zai faɗa. Ma'aikacin da ya fara maganar "gyara shi", ku nemi wani.

Aure kuwa, ƴar mutane za a ɗauko a sa cikin abin da ba ta ji ba ba ta gani ba, bayan shekara biyu ta zo mini tana kuka mijinta ba ya kusantarta, uwar miji na cewa ita ce juya. Ki faɗa wa Baffa cikin ladabi cewa likita ya ce yaro yana fama da damuwa mai tsanani, ba a ɗora wa mara lafiya iyali, kuma ba ƙarya kika yi ba. Ki samu Inna ita kaɗai kafin nan, don ita zai fi ji. Shi kuwa mai allura, ki ce ya rubuta miki sunan cutar a takarda, ya sa hannu ya buga hatiminsa, ki ga yadda zai sauya zance.