Ku Tambaya Mu Amsa: Takardar minista ma doka ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai kiwon tarwada ne a Garin Malam nan Damagaram, kwami uku gare ni a bayan gida. Kwanaki wani ma'aikaci ya zo yace akwai sabon arete, wato takardar umarnin minista, da ya shafe mu, nace ya nuna mini takarda yace baya tare da ita. Da na ba ɗan wana labari, shi yana karatu a Sikotlan, sai yace can ko ƙaramar takardar minista kan kiwon kifin salmon sai kwamitin majalisa ya duba ta. Dan Allah gaskiya ne? Kuma abin da minista ya sa ma hannu shi kaɗai doka ne ko ba doka ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a kwamin. Eh doka ce, amma ƙaramar doka, kuma ba ta tsayuwa da ƙafarta sai ta jingina da uwarta. Majalisa takan yi babbar doka tace misali gwamnati na da ikon tsara kiwon kifi, sai ta bar ma minista ya cike sauran: nawa za a biya, wace takarda za a riƙe, wane magani aka hana. A nan wajenmu Nijar irin waɗannan ƙananan dokokin su ne dekire da arete. To kuma wallahi su ne ke taɓa aljihun talaka, babbar doka sau da yawa ba ka ma jin ta a jikinka, sai ranar da arete ya fito.

Ɗan wanka gaskiya ya faɗa maka. Majalisar Sikotlan da ke Edinbara, wadda ta fara zama a 1999 da ƴan majalisa 129, manyan dokokin da take yi a shekara yawanci ba sa wuce ashirin, amma ƙananan da ministoci ke fitarwa ɗaruruwa ne. Shi ya sa suka ware kwamiti guda wanda aikin shi kenan, duk takardar da aka ajiye gaban majalisa sai ya bi ta layi layi. Ba ruwan shi da ko manufar tana da kyau ko ba kyau, abin da yake tambaya shi ne, uwar doka ta ba minista wannan ikon ko ya wuce gona da iri? rubutun a fili yake ko mai harshen damo ne? an sa ta ta ci abin da ya riga ya wuce ba tare da izini ba? Bayan shi sai kwamitin da abin ya shafa, in kifi ne kwamitin harkokin karkara, ya duba ita kanta manufar. Wasu takardun sai majalisa ta kaɗa ƙuri'a ta amince kafin su fara aiki, kuma minista yakan zo da kanshi ya amsa tambayoyi, wasu kuma suna wucewa ne kai tsaye sai dai in a cikin kwana 40 wani ɗan majalisa ya kawo ƙudurin a soke kuma ya samu rinjaye.

Amma kar ka ɗauka aljanna ce. Majalisar ba ta da ikon gyara ko kalma ɗaya a cikin irin wannan takarda, ko ta karɓa duka ko ta ƙi duka, kuma sokewar ba kasafai take faruwa ba. Ni abin da ya fi burge ni ba sokewar ba ce, shi ne minista ya san tun kafin ya sa hannu cewa akwai masu karantawa, kuma za a buga abin da suka gani kowa ya karanta.

Bari in zo kan shi kifin, don nan ne darasin yake. Salmon, wanda masu faransanci ke ce ma somo, ana kiwon shi ne a cikin manyan kejin raga a teku, yammacin ƙasar da tsibiran Shetlan da Okni, keji ɗaya dubban kifi a cunkushe. A 2021 sun fitar da sama da tan dubu 200, a 2023 ya sauko wajen tan dubu 150, kuma a ƙasashen waje Faransa ce babbar mai saye. Matsalarsu kai ka san irinta tunda kana kiwo, in kifi ya yi yawa a wuri ɗaya cuta na samun gida. Su tasu ƙwarƙwatar teku ce, tana manne ma kifin tana cin fatar shi, kuma da yake kejin raga ne ruwa na shiga yana fita, sai ta bi ta kama salmon na daji mai wucewa, ga kashin kifi da ragowar abinci da magani duk suna zuba ƙasan teku. A 2023 kaɗai sama da kifi miliyan 17 aka ba da rahoton sun mutu a gonakin kafin lokacin kama su. Miliyan 17 fa ɗan'uwa, kai da in goma suka taso ciki sama da safe ranar ba ka cin abinci.

A 2018 kwamitin majalisa ya yi dogon bincike, ya saurari kamfanoni da masunta da masana, ya fitar da shawarwari 65 yace ba zai yiwu a ci gaba a haka ba. Ɗaya daga cikin abin da ya biyo baya wata ƙaramar doka ce ta 2020, da ta fara aiki a watan Maris na 2021, ta tilasta ma kowace gona ta riƙa kai lissafin ƙwarƙwata duk sati, gwamnati kuma ta buga. Ka ga ƴar takarda ce, amma ita ta sa yanzu masunci na iya buɗe waya ya ga abin da ke cikin kejin da ke kusa da shi. Duk da haka a Janairun 2025 kwamitin da ya gaje shi ya sake dawowa kan maganar yace tafiyar ta yi hawainiya, har sun yi tunanin neman a dakatar da buɗe sabbin gonaki, daga ƙarshe suka ba gwamnati shekara ɗaya. A ganina sun yi sassauci da yawa, shekara shida ba kwana shida ba ce.

To mu nan fa? Tsarinmu daga Faransa muka gada, dekire yawanci a taron majalisar ministoci ake ɗaukar shi, arete minista ko gwamna ko magajin gari ke sa hannu, kuma ko lokacin da depitoci, wato ƴan majalisa, ke zama ba a kai masu kowane arete su duba kamar yadda ake can, wanda aka cuta kotu yake zuwa. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ma babu majalisar dokokin. Kenan idon da ya rage naka ne da na ƴan'uwanka masu sana'a, daga masu kwami a gari har masuntan Gidimuni da Lasuri. In ma'aikacin ya dawo ka karɓe shi da mutunci, ka ba shi ruwa, sannan ka nemi lambar areten da ranar da aka sa hannu da wanda ya sa, da babbar dokar da ya dogara a kai, a saman takardar ake jera su. Kar ka ba da ko dala sai da rasit mai tambari. In kuna da ƙungiya ku je tare ku nemi kwafi, a samu ɗalibi ya karanta maku da Hausa, a manna inda kuke taro.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ɗaliba ce daga Mirya, shin za a iya kiwon salmon ɗin nan a Damagaram tunda ance yana da tsada?

AMSA: Lafiya lau ƴata. A'a, ba zai yi ba. Kifin ruwan sanyi ne, ya fi jin daɗi ƙasa da digiri 15, da ruwa ya doshi 20 ya fara wahala, mu kuwa kin san yadda kwami yake a watan Afrilu. Kuma a ruwan daɗi yake ƙyanƙyashewa sannan a kai shi ruwan gishiri ya girma, tekun da ba mu da shi. In kiwo kike sha'awa ki fara da tarwada ko karfasa, su ne suka san zafinmu, kuma kafin ki sayi ƴaƴan kifi ko ɗaya ki fara tabbatar da inda za ki riƙa samun ruwan canji har ƙarshen rani.