Amsa ga mai jiran kiran aiki

Ɗan'uwa, ka ce shekara guda ke nan da gama digiri, kana ta tura takardun neman aiki, shiru kamar an shuka dusa. Ni ma na ɗanɗana. Safiya ta fi ci mini rai: kowa ya fita, ni ina kwance ina latsa waya, ina leƙa imel.

Kuskurena, CV ɗaya, wato takardar tarihin karatu da aiki, nake watsa wa kowa. Manyan kamfanoni da yawa manhaja ce ke fara tace takardu kafin idon mutum ya gani, tana laluben kalmomin da ke cikin sanarwar aikin. Ka riƙa gyara taka kowane karo. Sannan ka cire kunya ka sanar da abokan karatunka kana nema. A bakin ɗayansu na ji gurbin da nake ciki yanzu.