Hutun ma'aurata a Maldif: an biya kuɗin otal a dunƙule, ashe har da giya a ciki

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Dan Allah wani abu ne ya tsaya min a rai. Aurenmu ya cika shekara goma bana, sai maigidana ya min bazata ya kama mana wajen hutu a Maldif, kwana 6 a wani otal da ke kan tsibiri shi kaɗai, mu biyu kawai, yara za mu bar su wajen Hajiyarsa. Tsarin da ya zaɓa shi ne wanda suke cewa ol-inkulusif, ɗaki da abinci da abin sha duk kuɗi ɗaya, na ga a takardar an jera har da su giya amma mu ai ba sha za mu yi ba. Har ya ba da rabin kuɗin ta hannun ejan. Toh yayata da ta ji sai ta ce wallahi haramun ne wajen tsiraici ne, tun daga nan na kasa sukuni kuma ina jin nauyin in ce masa ba zan je ba bayan ya daɗe yana tara kuɗin. Malam mu je ko mu fasa? In mun je ƙasaru za mu yi? Kuma su ƙaguwa da jatan lande ya halatta mu ci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah, Allah ya ƙara miki tsoronsa, ya saka wa maigidanki da alheri, dan namijin da zai yi ta tari a ɓoye saboda ya faranta wa matarsa bayan shekara goma ba abin rainawa ba ne, ki riƙe wannan a ranki duk abin da zan faɗa a ƙasa.

Ita tafiyar kanta halal ce. Mace da mijinta, kuɗin halal, zuwa ƙasar Musulmi, babu abin ja a nan. Maldif ƙasa ce da tsarin mulkinta na 2008 bai yarda wanda ba Musulmi ba ya zama ɗan ƙasa, shahararren matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ma ya yi alƙalanci a can wajajen 1343. Ƙaguwa da jatan lande da duk abin da ya fito daga teku ku ci, a mazhabar Malikiyya babu togaciya. Maganar yayarki ta tsiraici kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, zan zo kanta. Amma abin da ya tsayar da ni ba shi ne abin da ya tsayar da ita ba, wata 'yar kalma ce kika jefa a tsakiyar tambaya kika wuce, inda kika ce an jera giya a takardar amma ku ba sha za ku yi ba. Nan hukuncin yake.

Bari ki gane yadda ƙasar take. Tsibiransu sun kai dubu da ɗari da wani abu, waɗanda mutanen gari ke zaune a kai ba su haura ɗari biyu ba, kuma a waɗannan an hana giya gaba ɗaya, ko baƙo ya shigo da kwalba a jaka kwastan za su karɓe a filin jirgi. Amma tun 1972 da aka buɗe otal na farko na 'yan yawon buɗe ido sai suka ware tsibiran da ba kowa suka ba masu otal, tsibiri ɗaya otal ɗaya, a can ne aka ba da lasisin giya da naman alade. Toh irin wannan maigidanki ya kama. Su kuma otal ɗin nan farashinsu hawa-hawa ne, akwai ɗaki da karin kumallo kawai, akwai mai cin safe da dare, akwai mai ci uku, sannan na ƙarshe wanda kuka biya. In kika duba bambancin mai ci uku da wannan na ƙarshen za ki ga galibinsa abin sha ne, kuma abin sha mai tsadar a wajensu ita ce giya. Kenan wani yanki na kuɗin da Abban yara ya tura, kuɗin giya ne, an shigar da shi cikin ciniki tun daga farko, ko an sha ko ba a sha ba.

A wajen malamanmu na Malikiyya cinikin da ya haɗa halal da haram a dunƙule ɓatacce ne dukansa matuƙar ɗaya daga cikin masu cinikin ya san da haram ɗin, Shehu Khalil mai littafin Mukhtasar ya sa shi cikin sharuɗɗan abin da ake sayarwa cewa kada ya zama haram ko da sashensa ne. Otal kuwa sun san abin da suke sayarwa sarai. Shi ya sa fatawata ita ce a gyara cinikin, ba a fasa tafiyar ba.

Na san akwai masu cewa ba komai, kuma na ji wannan daga bakin mutanen da nake ganin girmansu. Hujjarsu ita ce wai kai ɗaki da abinci ka saya, giyar kyauta ce otal suka ɗora, ka ƙi karɓar kyautar shi ke nan, wasu kuma su ce bin baya ta yi, kuma ƙa'ida ce a fiƙihu ana yafe wa abin da ya biyo baya abin da ba a yafe wa asali, sai su kawo misalin tikitin jirgi, ai jiragen waje da yawa suna raba giya a sama kuma babu wanda ya ce tikitin haramun ne. Ni wannan maganar ba ta gamsar da ni ba ko kaɗan. Kyauta ita ce abin da in an cire shi farashi ba ya motsi. A nan kuwa su da kansu sun rubuta farashi biyu, da giya kaza, babu giya kaza, ta yaya abin da aka yanka wa kuɗi zai koma kyauta dan kawai an haɗa lissafin a layi ɗaya? Da mai shago zai haɗa miki buhun shinkafa da jarkar mai da katan ɗin giya ya ce kuɗi ɗaya ne, in kin ga dama ki bar katan ɗin a shago, alhali shinkafa da man kaɗai sun fi haka sauƙi, ke kanki kin san kin biya kuɗin katan ɗin. Maganar bin baya ma haka, abin da ake kira mai bin baya shi ne wanda ba a nufe shi da ciniki ba, ba a kuma ware masa rabo a farashi ba, shi kuwa wannan tsarin abin da ake tallarsa da shi kenan, sha iya shanka ba lissafi, shi ne abin da ya bambanta shi da na ƙasa da shi. Tikitin jirgi kuma ba ɗaya suke ba, abin da ka saya kujera ce daga Abuja zuwa Doha, kamfanin ba ya ba ka zaɓin tikiti mai giya da marar giya a kujera ɗaya ballantana a ce ka zaɓi mai giyar da hannunka, ga kuma buƙatar tafiya da mutane ba su da makawa a kanta. A otal zaɓin yana gabanka a rubuce, danna wannan ko danna wancan. Sannan masu cewa ai ba sha zan yi ba sun manta hadisin mutum goma da aka la'anta a kan giya ya ambaci mai saye da wanda aka saya dominsa daban da mai sha. Da sha ne kaɗai laifin da ba a lissafo sauran taran ba. Kuma akwai abin da ba a cika faɗa ba, wanda ya san ya riga ya biya, kwalabe na cikin firijin ɗakinsa, ma'aikaci na zuwa kowane dare yana tambaya me za a kawo, ya buɗe wa kansa ƙofar da bai kamata ya buɗe ba, ba ina zargin maigidanki ba ne wallahi, amma Shaiɗan ba ya tafiya hutu.

Toh me za a yi tunda an ba da rabi? A kira ejan ɗin yau ba gobe ba, a ce a sauya zuwa tsarin ci uku ko na safe da dare, lemo da ruwa ku riƙa saya da kanku, wasu otal ɗin ma suna da tsarin dunƙule marar giya saboda baƙin da ke zuwa musu daga ƙasashen Larabawa, a tambaya. Sau da yawa za ku ga kuɗin ma ya ragu, abin da kuka bayar ya zama kafin alƙalami na sabon tsarin. In sun ƙi amma za su mayar da kuɗi, a karɓa a nemi wani wajen. In kuwa sun ƙi sauyawa sun ƙi mayarwa, kuɗin zai salwanta ne kawai su ci riba biyu, toh a nan ina ba ku mafita da maganar Shafi'iyya da Hanbaliyya da suke raba cinikin, su inganta ɓangaren halal su ɓata na haram. Ku je ku ci haƙƙinku na ɗaki da abinci, ku sa a kwashe kwalaben firiji tun kafin ku shiga, kada ku ɗauki ko kofi ɗaya ku miƙa wa wani baƙo da sunan ai mun riga mun biya, ku yi istigfari kada a sake. Wannan mafita ce ga wanda ya faɗa bai sani ba, ba lasisi ba ne ga wanda ya karanta amsar nan sannan ya je ya kama irin wannan tsarin.

Yanzu maganar yayarki. Gaskiya ne bakin ruwan otal irin wannan za ki ga abin da ido bai saba gani ba, kuma runtse ido wajibi ne a kanku ku biyun, a kansa ma ya fi. In akwai hali ku kama ɗakin da ke da nasa wajen wanka a killace, in babu ku fita bakin teku bayan asuba ko gab da magariba lokacin da jama'a suka ragu. Ke kuma ko a barandar ɗakin da ke kan ruwa kada ki saki jiki ki cire sutura, jiragen ruwa na wucewa, maƙwabta na iyo ta gabanki, ma'aikata na shigowa gyara. Rigar iyo mai rufe jiki in ta jiƙe ta manne ta siffanta ki to ba ta suturta ba, ki ɗora wani abu mai kauri da zarar kin fito. Tausa da suke yi a wajen gyaran jiki, mace ta miki namiji ya masa, kuma ban da tsakanin cibiya da gwiwa. Wajen cin abinci teburinku daban ne dan haka hadisin zama a teburin da ake zagaya giya bai hau kanku kai tsaye ba, amma kada ku haɗa tebur da masu sha, kada ku zauna a mashaya da sunan kallon faɗuwar rana. Nama ku tambaya, miya da kayan zaƙi ma ku tambaya dan akwai waɗanda ake zuba wa giya wajen girki, ma'aikatan da yawa Musulmi ne za su gaya muku gaskiya.

Ni da za ku ji shawarata ma, in har kuɗin zai dawo, ku duba tsibiran mutanen gari irin su Maafushi, tun 2009 aka ba su damar buɗe masaukan baƙi, akwai masallaci za ku ji kiran salla, ba a sayar da giya a kan tsibirin, masu son tsiraici an ware musu yanki guda a bakin ruwa sai ku kauce masa, teku dai ita ce tekun, kuma ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Salla kuma, a hanya ku yi ƙasaru, tafiyar hutu da iyali ba tafiyar saɓo ba ce. Da kun sauka otal kun san za ku yi kwana 6 to ku cika, dan niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke hukuncin tafiya. Abu biyu ku kula. Alƙibla a can arewa maso yamma take, kada ku fuskanci gabas yadda kuka saba a gida. Sannan otal da yawa suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya a kan agogon Male babban birnin, dan baƙi su sami doguwar yamma, in kuka bi jadawalin waya alhali kuna kallon agogon otal sai ku yi salla kafin lokacinta, ku tambaya tun ranar farko. Yawancinsu suna da masallacin ma'aikata ta baya, maigida ya nemi a nuna masa, in Juma'a ta riske ku ana yi a wajen ya je.

Hotuna kuma 'yar'uwa, ki ji tsoron Allah a kansu. Abin da ke tsakaninki da mijinki ba na sitatus ba ne, akwai wadda mijinta bai iya cika mata tukunya ba tana kallo, akwai kuma mai ido, ki ajiye kayanki a waya ko Instagram bai gani ba an yi hutun.

Ba ki faɗa min ko maigidanki ya sauke farali ba. In bai yi Hajji ba kuma kuɗin nan zai kai shi, to Hajji ne a gaba, ku zauna ku yi wannan lissafin tsakaninku da Allah. In kuma akwai bashin mutane da lokacinsa ya yi, shi ma yana gaban hutu.

Da za ki masa maganar kada ki fara da yaya ta ce haramun ne, zai ji kamar an watsa masa ƙasa a ido kuma kin haɗa shi da 'yar'uwarki a banza. Ki fara da godiya, ki nuna masa kina ɗokin tafiyar, sannan ki nuna masa layin da ke takardar ki ce kin tambaya an ce a sauya tsarin kawai, mai yiwuwa shi bai ma karanta wajen ba ejan ne ya zaɓa masa. Yayarki kuma ki gode mata ki ce an gyara, ba sai kin buɗe mata lissafin gidanki ba. Hajiya da za ta riƙe yaran a bar mata isasshen kuɗin cefane da wanda zai taya ta, kada hutunku ya zama wahalarta.

Wallahu a'alam.