Dalilin Auna Ruwan Kogi Tun Ƙanƙara Ba Ta Narke Ba

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ƙasashe masu sanyi ke auna ruwan koguna da tafkuna tun kafin dusar ƙanƙara ta narke. Dalili shi ne ruwan da zai kwararo yana nan jibge a ƙasa a matsayin dusar ƙanƙara, kuma tafkin da ya riga ya cika ba shi da wurin karɓar ƙari. Ma'aikata kan cusa bututu cikin dusar, su auna nauyinta domin sanin yawan ruwan da ta ƙunsa.

Kogin Red, mai gangarawa arewa daga Amurka zuwa Tafkin Winnipeg a Kanada, shi ya fi damuna, domin kudancinsa ke fara narkewa, ruwan ya tarar da ƙanƙara ta toshe masa hanya. A Maris 2009 tsayin ruwan kogin ya haura ƙafa 40 a birnin Fargo na Amurka, inda ambaliya ke farawa daga ƙafa 18.